Kwamfutar da ke Suma a Hannun Malama Kubura

Wannan a gabana aka yi shi, ba a majalisa na tsinto ba, don haka wanda zai ƙaryata ni ya tanadi shaidunsa. Lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar kuɗi a Funtuwa. Ba zan faɗi sunanta ba, domin har yanzu muna gaisawa da mai ita in mun haɗu a wurin ɗaurin aure. Sunansa Alhaji Labaran, tsohon dillalin auduga ne da Allah ya buɗa wa, ya ga kowa na buɗe makaranta shi ma ya buɗe tasa. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ciwonsa ɗaya ne, bai yarda akwai aikin da zai tafi daidai in ba ya tsaye a kansa ba. Ko fenti ake yi wa aji, sai ya tsaya bayan mai fentin yana nuna masa inda ya tsallake.

A allon ƙofar makarantar an rubuta da manyan baƙaƙe cewa muna koyar da ilimin kwamfuta. Gaskiyar magana kwamfuta ɗaya ce tal a duk faɗin makarantar, tana ofis, kuma mutum ɗaya ke taɓa ta, Malama Kubura mai buga takardu. Shekararta goma sha ɗaya a wurin, tun zamanin tafireta. Tambayoyin jarrabawa ita, wasiƙun iyaye ita, sakamakon ɗalibai ɗari shida da wani abu ita. Tun da mijinta ya kwanta ciwo, wannan aikin ne ke riƙe da gidanta, kowa ya san haka. Mace ce mai shiru-shiru, sai ka yi shekara da ita ba ka ji ta ɗaga murya ba. Ni dai ina ganin girmanta ƙwarai, domin ta sha gyara mini kurakuran rubutu a tambayoyin jarrabawa, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Rigimar ta faro ne daga littafin sa hannu. Da can littafi ne a bakin ofis, kowane malami in ya zo ya rubuta sunansa da lokaci. To, mu malamai mun san kanmu. Wanda ya riga zuwa sai ya sa wa abokinsa hannu, wanda ya zo takwas da rabi ya rubuta bakwai da kwata. Ni kaina na yi, Allah ya yafe. Da Alhaji ya gano, sai ya tafi Kano ya dawo da wata 'yar na'ura a cikin kwali marar suna. Na'urar dangwale ce, ka ɗora babban yatsanka ta rubuta sunanka da lokacin zuwanka. Wani ɗan'uwansa da ya ce ya iya ne ya zo ya jona ta da kwamfutar Malama Kubura, ya loda mata abin da ke cikin faifan da aka haɗo da shi, aka ajiye ta a ƙarshen teburin. Daga ranar muka koma yin layi kowace safiya kamar ranar zaɓe. Jerin sunayen kuwa ba mai iya buɗe shi sai Alhaji da yatsansa, kuma a rana yakan shigo sau uku ko huɗu ya duba, ko da wani ya makara a ɓoye bayan tafiyarsa.

Ba a yi sati ba kwamfuta ta fara suma. Tana cikin aiki lafiya lau, sai allon ya rikiɗe ya koma shuɗi kamar an tsoma shi a marina, wasu fararen rubuce-rubuce su fito, kafin ka karanta layi ɗaya ta mutu. Jim kaɗan ta farfaɗo ta gaishe ka kamar ba abin da ya faru. Duk abin da Malama Kubura ta buga ba ta adana ba ya tafi ke nan, wani lokaci ma har wanda ta adana sai ya ƙi buɗuwa.

Nan fa kowa ya zama likita. Hedimasta, Malam Gambo, ya ce zafi ne, aka sayo fanka aka kafa mata ita kaɗai, Malama Kubura na gefe tana gumi. Ba ta daina ba. Malamin kimiyya ya ce wuta ce ke rawa, aka kawo sitabilaiza. Ba ta daina ba. Malam Isiyaku na Arabiyya ya ce shi tun farko bai yarda da kusurwar da aka ajiye ta ba, domin a nan aka sare tsohuwar tsamiya lokacin gini. Ya zo da ruwan tofi a gora zai yayyafa, Malama Kubura ta rungume kwamfutar ta ce ya yi wa Allah ya shafa wa bango. Ya shafa wa bango. Washegari ta suma sau uku.

Alhaji Labaran shi bai wahalar da kansa da dogon bincike ba. Ya ce shi ba ji ya yi ba, gani ya yi, kuma gani ya kori ji. Duk lokacin da ya shigo ofis, da ya zagayo ya tsaya bayanta, a gaban idonsa kwamfutar ke mutuwa a hannunta. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. In a gabansa ma tana haka, ya ce, to Allah kaɗai ya san abin da take yi mata in ba ya nan. Wai hannunta ya saba da tafireta, dukan madannan take yi kamar mai sussuka. Ta rage ƙarfin hannu har ba a jin motsinta, bai canza komai ba. Ya ce to wani maɓalli take taɓawa da bai kamata ba. Ta ce ya nuna mata shi. Ya ce in da ya san shi ai da bai ɗauke ta aiki ba.

Haka aka yi ta jan zare har sati shida, aka shiga makon ba da sakamako. Ranar Alhamis iyaye za su zo karɓar katin 'ya'yansu. Ranar Litinin da hantsi makin 'yan aji biyu gaba ɗaya ya salwanta, karo na biyu ke nan, kuma Alhaji na tsaye. Ya ce haƙurinsa ya ƙare. Ya riga ya yi wa wata magana a Malumfashi, yarinya mai takardar shaida, za ta fara aiki zango mai zuwa. Malama Kubura kuwa a ba ta takardar sallama.

Sai dai wa zai buga takardar? Duk makarantar ba wanda ya iya sai wadda za a kora. Malam Gambo ya ce ko a rubuta da hannu. Alhaji ya ce makarantar da ke da ilimin kwamfuta a allon ƙofarta ba za ta kori mutum da biro ba, abin kunya ne. Don haka ya sa ta zauna, ya tsaya a kanta yana faɗa tana bugawa. Ina ofis ɗin na zo karɓar alli, na kasa fita, na kasa zama. Ta buga kwanan wata, ta buga sunanta da hannunta, ta buga "bisa la'akari da gazawarki", fuskarta ba ta nuna komai ba. Wallahi ni da ke kallo na fi ta jin zafin abin. Da aka zo tsakiya sai Alhaji ya tuna yana so ya ƙara da yawan ranakun da ta makara. Ya je ya buɗe jerinsa, ya duba sama ya duba ƙasa bai sami ko ɗaya ba, ya yi tsaki ya dawo bayanta. Yana buɗe baki zai ci gaba, allo ya koma shuɗi.

"Kin gani ko? Har takardar korarki kin hana ta fita."

"Alhaji, hannuna biyu suna kan cinyata."

Ya ce ai shi ya sa abin ya fi ba shi tsoro.

Ranar Talata aka sake gwadawa. Wannan karon sun kai har "muna yi miki fatan alheri". Alhaji ya ce bari ya sake duba jerin, ƙila jiya idonsa ne bai gani da kyau ba. Ya duba, ya dawo, takarda ta bi 'yar'uwarta. Da labari ya iso ɗakin malamai wasu suka yi ta dariya, suna cewa kwamfutar ta fi mu amana. Ni ban yi dariya sosai ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na sami Malam Gambo na ce masa ko an kore ta ko ba a kore ta ba, jibi iyaye za su cika harabar nan, kuma katin ɗalibai ɗari biyu ne kawai a ƙasa. Ina da maƙwabci mai gyaran kwamfuta, a bari in kawo shi. Muka je muka lallaɓi Alhaji. Ya yarda, amma da sharaɗi: in mai gyara ya tabbatar hannunta ne, a ranar za ta tattara kayanta, ko da takarda ko babu.

Maƙwabcin nawa Injiniya Mudi ake ce masa. Ya haura hamsin, da gyaran rediyo ya fara, ya koma talabijin, zamani ya tura shi kwamfuta. Mutum ne mai sanyin jiki da sanyin magana, in yana ba ka labarin gobara sai ta ci gari kafin ya kai ƙarshe. Ranar Laraba da safe ya iso a kan tsohon babur ɗinsa da 'yar jaka a rataye. Alhaji ya zaci yana zuwa zai kwance kwamfutar ya fito da hanjinta. Maimakon haka sai ya ja kujera ya zauna ya fara tambayoyi kamar likitan asibiti. Yaushe ta fara? Me aka ƙara mata kafin ta fara? Sau nawa a rana? Me ke fitowa a shuɗin allon? Wannan ta ƙarshe ba wanda ya iya amsawa, domin duk sanda abin ya faru Alhaji muke kallo, ba allo ba.

Alhaji ya ce ba sai an yi nisa ba, ga mai laifi nan zaune. Mudi ya ce to madalla, a bar ta ta yi aikinta ya gani. Malama Kubura ta ɗauki takardun maki ta fara bugawa. Ana haka aka kira Alhaji, wai birkila ya zo duba katangar baya, ya fita. Awa guda cur tana aiki, Mudi na gefe yana kallon hannunta, kwamfuta ko tari ba ta yi ba. Da Alhaji ya dawo aka faɗa masa, ya ce wannan ba hujja ba ce, ganin baƙo ne ya sa ta natsu.

Mudi bai musa ba. Ya kashe kwamfutar, ya buɗe cikinta, ya zaro wasu 'yan sanduna biyu da ya ce su ne memori, wato inda take shimfiɗa aikin da take kan yi. Ya goge bakinsu, ya mayar, ya sa ta ta binciki kanta. Lafiyarsu ƙalau. Ya duba ko ƙwayar cuta ce ta shige ta, babu. Ya taɓa jikinta ya ce ba zafi, fankar nan ma a juya wa Malama ta sha iska. Daga nan ya ce saura abu ɗaya, ya karanta wasiyya.

Muka kalli juna. Ya ce e, kwamfuta ba ta mutuwa haka kawai. Duk sanda za ta faɗi, takan yi sauri ta rubuta 'yar takarda ta ɓoye a cikinta, ta faɗi lokaci, ta faɗi wanda take hannunsa a sa'ilin. Ya tona ya fito da na baya-bayan nan, guda goma sha tara. Ya sa tabarau yana bi ɗaya bayan ɗaya, yana kwafe lokutan a bayan ambulan, ba gaggawa. Alhaji ya zagaya teburin ya fi sau goma. Ana cikin haka aka buga ƙararrawar tara, malamai suka fara taruwa a bakin ƙofa da taga, kowa da abin da ya ce ya zo ɗauka.

Da ya gama sai ya cire tabarau ya fuskanci Alhaji. Ya ce kowace na'ura da aka jona wa kwamfuta tana zuwa da ɗan manhajarta da ke yi musu tafinta, su masu gyara direba suke ce masa. Firinta na da nata, madannai na da nasu. Memorin nan kuwa kamar fadama ce da aka raba wa manoma, kowane direba an yanka masa fegi an ce ga iyakarka. Muddin kowa ya tsaya a nasa, zaman lafiya. Amma akwai direban da wanda ya rubuta shi bai koya masa iyaka ba. In kaya suka yi masa yawa, sai ya tsallaka ya zuba a fegin maƙwabci. Wani lokaci nan take ake ganewa, wani lokaci sai maƙwabcin ya dawo bayan minti ɗaya ko biyu ya tarar an tattake masa shuka. Ita kuma kwamfuta, da ta ga an fara haka, gara ta tsayar da kowa da kowa da ta bari ɓarna ta yaɗu. Suman da muke gani ke nan.

Wannan bayani ya shiga Alhaji sosai, domin ya taɓa shekara huɗu yana shari'ar iyakar gona a Bakori. Ya gyara tsayuwa ya ce mai cin iyaka ba a yi masa sassauci, shi ya san irinsu, in ka ba su taki ɗaya gobe sai ka tarar da su a tsakar gidanka.

"Faɗi sunansa kawai, Injiniya. Ko wane ne, yau zai bar ofishin nan."

Yana faɗa yana kallon Malama Kubura. Mudi ya ce duk wasiyyoyin goma sha tara suna ɗaya suka ambata, ya miƙa hannu ya nuna na'urar dangwale.

Alhaji ya yi dariya. Ya ce yanzu ya tabbata Injiniya bai san makarantar nan ba. Malamai arba'in da biyu ke dangwala yatsa a kan na'urar nan kowace safiya, ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa suma a lokacin ba. In na'urar ce, me ya sa take jira sai Kubura ta zauna? Mudi ya jinjina kai ya ce wannan tambaya ce ta mai hankali, shi ma ita ke damunsa, kuma ba a amsa irinta da baki sai da gwaji. Ya kunna kwamfutar, ya ce Malama ta tashi ta koma bakin taga, malamai su shigo su dangwala yadda suka saba.

Muka shigo. Na taɓa na wuce, Malam Isiyaku ya taɓa da bisimilla ya wuce, Malam Gambo ya taɓa, har mai gadi aka kira. Ita ma Malama Kubura ta zo ta taɓa ta koma taga. Aka jira minti biyar, kwamfuta na zaune daram. Alhaji ya buɗe hannu yana kallonmu, irin kallon "ban faɗa muku ba?"

Mudi ya ce to saura ya gwada lokutan da ke ambulan da na jerin masu dangwale, ko za a ga wani abu. Ya roƙi Alhaji ya taimaka ya buɗe jerin, tunda shi kaɗai ke iyawa.

Sai a ranar na lura da yadda Alhaji ke dangwale, alhali na sha gani. Ya naɗe hannun babbar riga. Ya goge yatsan a ƙirji. Yatsa ne na tsohon dillali, mai faɗi kamar ludayi. Ya ɗora shi, ya sakar masa nauyin kafaɗa, ya murza dama, ya murza hagu, ya ƙara dannawa, kamar mai sa hannu a takardar cinikin fili da yake tsoron a yi musunta gobe. Na'urar ta yi ƙara alamar ta karɓa, bai ɗaga ba, sai da ya gamsu don kansa. Jeri ya buɗe. Mudi ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a layin farko, allo ya koma shuɗi.

Alhaji ya waiga neman Malama Kubura, ya same ta a bakin taga ta harɗe hannu, tsakaninta da teburin ya kai taku biyar.

Ya ce dacewa ce. Mudi ya ce zai yiwu, a sake. Alhaji ya ce a sake, amma ta fita daga ofis ɗin gaba ɗaya. Ta fita ta tsaya ƙarƙashin dalbejiya inda kowa ke ganinta. Ya goge yatsa, ya danna, ya murza. Wannan karon ko jerin bai buɗe ba ta faɗi. Ya ce a kawo ruwa ya wanke hannu, ƙila man gyaɗar da ya ci da safe ne. Ya wanke, ya goge, ya danna, ta faɗi. A karo na huɗu ba wanda ya ce ya sake, shi ya sake don kansa, da hagu. Na ji wani a bayana yana ta tari irin na mai haɗiye dariya, ban waiga ba don kada in kamu.

Sannan Mudi ya ce, cikin ladabi, Alhaji ya gwada taɓa ta kaɗan ya ɗauke, kamar mai duba ko dutsen guga ya yi zafi. Da ƙyar ya yarda. Ya taɓa ya ɗauke kamar an tsikare shi. Jeri ya buɗe, ya zauna, bai motsa ba. Mudi ya jera ambulan kusa da allo yana karantawa a hankali. Tara da minti goma sha huɗu, Alhaji ya dangwala, tara da sha biyar ta suma. Sha ɗaya da minti biyu, Alhaji ya dangwala, sha ɗaya da uku ta suma. Ya kai na bakwai Alhaji ya ce ya isa. Na'urar da ya sayo don ta kama mu, ita ce ta riƙe masa lissafin shigarsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta manta ko guda ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ni dai na yaba wa Mudi a nan, domin faɗa wa babba cewa shi ne matsala a gaban yaransa ba ƙaramin aiki ba ne. Ya ce yatsan Alhaji ba shi da laifi ko kaɗan, yatsa ne mai albarka. Laifin na wanda ya rubuta direban ne, da ya tanadi wurin hoton yatsa ɗaya kacal, ya manta bai ce masa in ya cika ya tsaya ba. Muddin yatsa na kai, ɗauka yake ta yi yana tulawa, har ya malala gonar mutane. Malamai kuwa taɓawa suke su ruga aji, shi ya sa ba ta taɓa cika a hannunsu ba.

Alhaji ya ce wato masu gudun latti ne suka iya aiki da ita, shi da ya saya da kuɗinsa bai iya ba? Mudi ya ce bai ce haka ba, amma bai kuma ce ba haka ba ne. Magani uku ne. Ko a samo sabon direba daga kamfanin da ya yi na'urar, sai dai kwalin ba suna ba adireshi. Ko a saya mata kwamfutarta daban ta riƙa sumar da ita ita kaɗai. Ko a zare wayarta a huta. Alhaji ya tambaya ko ba za a iya barinta ba in ya riƙa taɓawa a hankali. Mudi ya dube shi, ya dubi yatsan, ya ce shi dai a shawarce, da katin ɗalibai ɗari huɗu a gaba, ba zai jingina su da wannan alkawarin ba.

Alhaji ya ce a zare, amma na wucin gadi ne, kada wani ya yi murna. Mudi ya zare waya. Malam Isiyaku ya yi hamdala da ƙarfin da ya wuce yadda ya yi niyya, ya mayar da ita tari.

Aka kira Malama Kubura daga gindin dalbejiya. Ta shigo ba ta kalli kowa ba, ta ja kujerarta ta zauna, ta jawo takardun makin 'yan aji biyu ta daidaita su a gabanta. Malam Gambo ya matso kusa da Alhaji ya tambaya da ƙaramar murya yaya za a yi da batun takardar nan. Alhaji ya ce wace takarda? Shi bai ga wata takarda ba, wanda ya ga takarda ya nuna masa. Ta Malumfashi kuma a aika mata ta dakata. Na fara shirin komawa aji.

Amma wanda ya san Alhaji Labaran ya san ba zai fita ofishin nan da laifin duka a kansa ba, sai ya sami wanda zai kama masa gefe ɗaya. Ban haƙuri kuwa ba ya cikin kayan da ya iya ɗauka. Ya sauke hannun rigarsa, ya zagayo ya tsaya bayanta inda ya saba tsayawa, malamai na nan cike da ƙofa.

"Amma ke ma, Kubura, da naki laifin. Sati shida kina zaune a nan. Kina gani duk sanda na shigo abin nan ke sumewa, ba ki taɓa buɗe baki kin faɗa mini ba."

Ta ci gaba da bugawa, ba ta ɗago ba.

"Ban ga abin faɗa ba ne, Alhaji."

"Kamar yaya ba ki ga abin faɗa ba?"

"In ka shigo, mu duka haka muke ji. Ita dai kwamfutar ba ta da 'ya'yan ciyarwa ne."